Filin Lafiya: Na Ajiye Maganin Ciwon Damuwa, Sai Jikina Ya Rikice

Wasiƙu da yawa da suka iso wannan fili a kwanakin nan a kan abu guda suke. Mutum ya sha maganin ciwon damuwa, ya samu sauƙi, ya ajiye, sai jiki ya ƙi yarda. Mun zaɓo wasu daga ciki, likitan ƙwaƙwalwa da mai harhaɗa magunguna suka haɗu suka amsa. Sunayen magungunan mun bar su yadda ake rubuta su a jikin kwali, domin kowa ya iya gane nasa.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata 14 ina shan paroxetine miligiram 20 saboda ciwon damuwa da ya same ni bayan rasuwar mahaifina. Alhamdu lillahi na warware, sai na ajiye maganin ranar Juma'a ba tare da na koma asibiti ba. Zuwa Litinin jiri ya hana ni tsayuwa a kicin, zuciyata na tashi, ga kuka ba dalili. Abin da ya fi ba ni tsoro, in na juya idona sai in ji wani abu ya ratsa cikin kaina kamar wutar lantarki ta ja ni. A gida an ce iska ce. Don Allah mene ne wannan?
Daga wata mai karatu, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan mahaifinki, ke kuma ya ƙara miki lafiya. Abin da kika lissafa sananne ne a wurin likitoci, kuma ya zo miki daidai yadda ya saba zuwa. Alamomin janye magani ne.

Paroxetine na cikin rukunin magungunan da ke sa wani sinadari mai suna sirotonin ya daɗe yana aiki a tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta hanyar toshe ƙofofin da jijiyoyin ke mayar da shi cikinsu. In aka yi wata da watanni a haka, ƙwaƙwalwa tana gyara zamanta ta dace da sabon yanayin. Ranar da aka zare maganin gaba ɗaya, shi zai bar jini cikin 'yan kwanaki, ita kuwa komawarta yadda take a da sai ta ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Wannan tazara ce kike ji a jikinki. Kuma mafi yawan sirotonin ɗin jiki a hanji yake, shi ya sa tashin zuciya, murɗar ciki da gudawa ke shigowa ciki.

Magungunan ba ɗaya suke ba a wannan fanni, kuma babban abin da ke raba su shi ne saurin fita daga jini. Paroxetine, rabinsa na fita cikin kimanin awa 21 zuwa 24. Venlafaxine ya fi shi sauri, rabinsa na tafiya cikin kimanin awa 5, abin da hanta ke mayar da shi kuma kimanin awa 11, shi ya sa mai shan sa in ya manta na rana guda kan ji a jikinsa kafin gari ya waye. Sertraline, citalopram da escitalopram suna tsakiya, daga kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Fluoxetine ne mai nawa: rabinsa sai kwana 4 zuwa 6, ragowarsa mai aiki kuma takan wuce mako guda, don haka shi da kansa yake sauka a hankali. Naki yana cikin biyun da suka fi wahalar ajiyewa.

Wannan jan lantarki da kike ji a kai ba farfaɗiya ba ne, ba kuma alamar shanyewar ɓarin jiki ba ne. An fi jin sa idan aka juya ido gefe da sauri, yana ɗaukar daƙiƙa ɗaya ko biyu, yana tafiya in jiki ya daidaita. Sauran abokan tafiyarsa su ne jiri, rashin barci, mafarkai masu firgitarwa, gumi, ciwon jiki kamar na mura, saurin fushi, faɗuwar gaba da kuka. Galibi suna farawa kwana 2 zuwa 4 bayan an daina.

Ba ke kaɗai ba ce. Wani babban nazari da mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Lancet ta buga a 2024, wanda ya haɗa bincike 79 da mutum sama da 21,000, ya gano kusan kashi 31 cikin ɗari na waɗanda suka daina sun samu wata alama. Da aka cire waɗanda kan ji alamu ko da ƙwayar da ba magani a cikinta suka daina, sai ya rage kimanin mutum ɗaya cikin shida ko bakwai, masu tsanani kuma kusan kashi 3 cikin ɗari. Sai dai da yawa daga cikin binciken da aka haɗa na gajeren lokaci ne, kuma wanda ya shekara ko ya fi yana sha, haɗarinsa ya fi haka. A 2019 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta gyara bayaninta, ta amince cewa ga wasu mutane alamomin kan yi tsanani su kuma ɗauki watanni, ba mako ɗaya ko biyu kawai ba kamar yadda aka daɗe ana faɗa.

Abin yi yanzu: ki koma wurin likitan da ya rubuta miki maganin a cikin makon nan, kada ki jira ranar da aka ba ki. Tunda kwanaki kaɗan ne da dainawarki, abin da aka saba yi shi ne a mayar da ke kan miligiram 20 ɗin, a jira mako 2 zuwa 4 jiki ya natsu, sannan a fara ragewa mataki-mataki. Wanda ya yi makonni da yawa da dainawa, shi ba a cika mayar da shi kan cikakken adadi kai tsaye ba, daga ƙarami ake farawa. Kafin ki ga likita, kada ki tuƙa mota, ki yi hattara da wuta da tafasasshen ruwa, ki riƙa miƙewa a hankali.

Batun iska kuwa, addu'a da azkar ki ci gaba da su, ba sa karo da magani. Amma ki nuna wa mutanen gida lissafin: abin ya fara kwana uku bayan ajiye ƙwaya, kuma in kin koma kanta za su ga ya lafa cikin kwanaki kaɗan.

Tambaya: Likita barka da aiki. Shekara uku ina kan sertraline miligiram 50. Na raba ƙwayar biyu na koma 25, na yi wata guda ban ji komai ba. Da na ga haka sai na daina. Mako bai cika ba na koma kamar wanda aka yi wa duka. Ta yaya rage 25 na farko bai dame ni ba, na biyun ya kayar da ni, alhali adadinsu ɗaya?
Daga wani malamin makaranta, Kano

Amsa: Malam, tambayarka ita ce zuciyar maganar baki ɗaya, kuma a nan ne mafi yawan masu ragewa ke tuntuɓe, har da waɗanda suke ganin sun bi a hankali.

A kan kwali adadin ɗaya ne, amma a ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba ne. An yi hoton ƙwaƙwalwar masu shan irin waɗannan magunguna, an auna kashi nawa na waɗancan ƙofofi na sirotonin kowane adadi ke toshewa. Wasu masana biyu a Landan, Mark Horowitz da David Taylor, sun tattara wannan a wata maƙala ta 2019. Ga misalin citalopram, wanda ɗan'uwan naka ne: miligiram 40 na toshe kusan kashi 86 cikin ɗari, miligiram 20 kusan kashi 80, miligiram 5 kusan kashi 60, miligiram 2 ma bai gaza kashi 35 ba. Ka duba da kyau. Daga 40 zuwa 20 an zubar da rabin magani, amma aikinsa ya ragu da kashi 6 kacal. Daga 5 zuwa babu kuwa, kashi 60 ne ya tafi dare ɗaya. Abin kamar matakalar bene ce wadda matakan sama gajeru ne, na ƙarshen kuwa ya kai tsayin mutum. Daga 50 zuwa 25 ɗan taki ka yi, daga 25 zuwa babu kuwa dirowa ka yi.

Saboda haka ƙa'idar ita ce, ana rage wani kaso ne na adadin da mutum yake kai yanzu, ba na adadin da ya fara da shi ba. Matakan sai su riƙa ƙanƙancewa yayin da ake sauka.

Wanda bai daɗe yana sha ba, 'yan watanni kawai, kuma maganinsa ba paroxetine ko venlafaxine ba ne, ana iya rage masa rabi duk mako 2 zuwa 4: daga 50 zuwa 25, zuwa 12.5, zuwa 6, zuwa 3, zuwa 1.5, sannan a daina. Kai da ka shekara uku kuma ka riga ka sha wuya sau ɗaya, kashi ɗaya cikin huɗu ya fi dacewa da kai: 50, 37.5, 28, 21, 16, 12, 9, haka har ƙasa. In wannan ma ya yi nauyi, a koma kashi 10 cikin ɗari. Mai shan paroxetine 20, alal misali, zai bi 18, 16, 14.5, 13, yana tafiya. Wannan hanya takan ci watanni da yawa, wani ma ya haura shekara, kuma ba laifi ba ne. Ba a fara sabon mataki sai alamomin matakin baya sun kwanta. In mataki ya yi zafi, a tsaya a kansa, ko a koma na bayansa, a huta, sannan a ci gaba da ragi mafi ƙanƙanta. Kuma ba a dainawa gaba ɗaya sai adadin ya yi ƙasa ƙwarai, ga sertraline wajen miligiram 1 zuwa 2.

Matsalarmu a nan ita ce yadda za a samu waɗannan ƙananan adadi. A Turai akwai na ruwa da ake auna shi da sirinji, a kemis ɗinmu kuwa da wuya a same shi. Ga abin da ake iya yi, amma da sanin likitanka da mai harhaɗa magunguna.

Na farko, abin yanka ƙwaya da ake sayarwa a manyan kantunan magani. Yana raba ƙwaya biyu ko huɗu fiye da yadda reza ko haƙori za su yi. Ƙwayar 50 in an raba ta huɗu, kowane yanki 12.5 ne, uku daga ciki 37.5. Ƙasa da kashi huɗu yanka ba ya yin daidai, gari kawai za ka samu.

Na biyu, jiƙawa a ruwa. A daka ƙwayar 50 ta yi laushi, a zuba ta a ruwa mai tsabta mililita 50 da aka auna da sirinji, kowace mililita ɗaya ta zama miligiram ɗaya. Sai dai maganin ba narkewa yake yi sarai ba, garinsa kan kwanta a ƙasa. In ba a juya sosai an zuƙa nan take ba, yau za ka sha ruwa zalla, gobe ka sha ninki biyu, jiki kuma ya rikice ba ka san dalili ba. A juya, a zuƙi adadin da ake so da sirinji marar allura, a sha, a zubar da saura. Kullum sabo ake haɗawa, ba a ajiyewa. Sertraline na da ɗaci kuma yakan ɗan kashe harshe na ɗan lokaci, a bi shi da ruwa.

Akwai waɗanda ba a dakawa ko kaɗan. Duk maganin da aka rubuta XR, XL, SR ko CR a jikinsa, an yi shi ne ya riƙa sakin kansa a hankali tsawon yini. In aka daka shi, adadin yini guda zai shiga jini lokaci ɗaya. Haka ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kwanson duloxetine, wanda shi ma maganin ciwon damuwa ne, suna da rufin da ke kare su daga ruwan ciki, ba a tauna su ba a niƙa su.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne sha yau, tsallake gobe. Ga maganin da rabinsa ke fita a yini guda, wannan na nufin jini ya cika ya zube, ya cika ya zube, mutum yana shiga janyewa duk bayan kwana biyu. Ƙaramin adadi kullum ya fi babban adadi jefi-jefi. Fluoxetine ne kaɗai ke jure tsallake rana saboda daɗewarsa a jini, kuma saboda haka ne wani lokaci likita kan sauya wa mai wahala da paroxetine ko venlafaxine magani zuwa fluoxetine, sannan a sauka daga kansa. Wannan sauyi aikin likita ne, ba na gida ba.

Tambaya: Ta yaya zan gane ko janyewar magani ce ke damuna ko kuwa ciwon ne ya dawo? Ina tsoron a ce zan sha magani har abada.
Daga wata ma'aikaciyar jinya, Gusau

Amsa: Malama, abu uku ake dubawa. Lokaci: janyewa na zuwa cikin kwanaki bayan ragi ko dainawa, dawowar ciwo kuwa takan lallaɓo ne bayan makonni ko watanni. Fluoxetine ya fita daban, nasa alamomin kan iya jinkirta har mako 2 zuwa 6. Sai irin alamomin: in akwai abin da ba ki taɓa ji ba lokacin ciwonki na farko, kamar jiri, jan lantarki a kai, tashin zuciya da gumi, to janyewa ce ta fi kusa. Ciwon damuwa in ya dawo yakan dawo da fuskarsa ta da, wato rashin jin daɗin komai, yanke ƙauna da ganin kai ba a bakin komai ba. Na uku, in aka koma kan magani, janyewa na lafawa cikin kwanaki, ciwon da ya dawo kuwa sai ya ɗauki makonni kafin ya saki.

Inda abin ke rikitarwa shi ne janyewa ma na kawo kuka, fargaba da baƙin ciki. An sha mayar da mutane kan magani na shekaru bisa zaton ciwo ya dawo, alhali saurin ragewa ne ya jawo. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta kwanan wata, adadin da kika sha, da yadda kika ji daga 0 zuwa 10. Wanda alamominsa ke tashi kwana uku bayan kowane ragi, su kwanta bayan mako biyu, littafinsa ya riga ya ba likita amsa.

Amma kada mu ɓoye miki, ciwon na iya dawowa da gaske. A wani gwaji da aka yi a Ingila aka buga a 2021, kan mutum 478 da suka daɗe suna shan magani kuma suka ji sun warke, kashi 56 cikin ɗari na waɗanda suka daina sun sake kamuwa cikin shekara guda, waɗanda suka ci gaba kuwa kashi 39. Ma'ana ci gaba da sha na rage haɗari, amma kuma mutum huɗu cikin goma sun daina lafiya lau. Shi ya sa lokacin dainawa ke da muhimmanci. A karon farko ana ci gaba da magani aƙalla wata 6 bayan an warware. Wanda ciwon ya taɓa dawo masa sau biyu ko fiye, ana ba shi shawarar shekara 2 ko sama. Kada kuma a fara ragewa a tsakiyar jarrabawa, sabon aure, rasuwa ko sauyin wurin aiki. Zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam a lokacin ragewa na taimakawa wajen tare dawowar ciwon, in akwai halin samu a nema.

Tambaya: Mahaifiyata na shan amitriptyline miligiram 75 da dare. Ya ƙare mana, muka yi kwana biyar ba mu sayo ba. Sai ta kama amai, gudawa, gumi da ciwon jiki. A kemis aka ba ta maganin maleriya da na taifot, ba ta ji sauƙi ba. Ko akwai alaƙa?
Daga wani ɗan kasuwa, Funtuwa

Amsa: Alhaji, Allah ya ba Hajiya lafiya. Akwai alaƙa sosai. Amitriptyline da imipramine tsofaffin magunguna ne, masu araha, shi ya sa suka fi yawa a hannun mutanenmu. Suna danne wani sashe na jijiyoyi da ke kula da motsin hanji, yawu da gumi, abin da ke sa mai shan su bushewar baki da taurin bayan gida. In aka daina kwatsam, wannan sashe sai ya taso da ƙarfi: amai, gudawa, murɗar ciki, gumi, rashin barci da munanan mafarkai. A ƙasar da duk ciwon jiki sunansa maleriya, ba mamaki a ɗauka ita ce.

A yi gwajin jini na maleriya kafin a ba da magani, minti 15 zuwa 20 ne. A kuma auna zafin jiki da ma'auni, domin janyewa na sa mutum jin kamar zazzaɓi amma ba ta cika ɗaga zafin jiki sosai ba. In ya kai 38 ko fiye, a nemi wani dalilin. Wannan ba don asarar kuɗi kaɗai ba ne. Maganin maleriya mai haɗin artemether da lumefantrine na rage saurin da hanta ke sarrafa amitriptyline da imipramine, kuma haɗuwarsu na iya taɓa bugun zuciya. Haka ma ana taka-tsantsan da shi ga mai shan citalopram ko escitalopram. Duk wanda zai rubuta mata maganin maleriya a gaya masa abin da take sha.

Ku kai ta asibiti a duba ta, musamman da yake amai da gudawa na saurin ƙarar da ruwan jikin tsoho. A ba ta ruwan gishiri da sukari kafin nan. Likita ne zai faɗi adadin da za ta koma kai, domin ga mai shekaru ba a cika komawa 75 kai tsaye bayan hutu ba. Nan gaba ku riƙa sayen sabo tun da sauran na mako biyu, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kuma a kulle shi inda yara ba sa kaiwa, domin amitriptyline in aka sha da yawa yana kisa.

Tambaya: Ina ragewa a hankali kamar yadda likita ya ce, amma duk da haka barci ya ƙaurace mini, jikina na ciwo. Wani abokina ya ce in sha tramadol ko diazepam na 'yan kwanaki. Me zan yi in samu sauƙi?
Daga wani matashi mai tuƙa Keke Napep, Kaduna

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka karɓi wannan shawara. Tramadol, bayan kashe zafi, yana taɓa sirotonin kamar yadda maganinka ke yi. Haɗa su na iya kawo kakkarwa, zafin jiki mai tsanani, rikicewar hankali da jijjiga irin ta farfaɗiya. Zai iya sa ka ji sauƙi na ɗan lokaci, amma ka sauya wahalar makonni da jarabar shekaru ke nan. Diazepam kuma jiki na sabawa da shi cikin makonni kaɗan, fita daga cikinsa ya fi wanda kake ciki haɗari. Haka giya, wiwi da maganin tari mai kodin.

Babban maganin alamomin janyewa shi ne rage gudun ragewa. In har sun hana ka barci da aiki, matakin ya yi girma, ka koma wurin likita a ƙanƙanta shi. Sauran abubuwan tallafi ne.

Don barci: ka tsayar da lokacin tashi guda kullum ko da daren bai yi daɗi ba. Ka bar goro, kofi, shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari daga azahar. In ka yi minti 20 a kwance barci bai zo ba, ka tashi ka zauna a wuri marar haske sosai, ba tare da waya ba, sai ka ji shi ka koma. Ƙailula kada ta wuce rabin awa.

Don tashin zuciya: abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida maimakon cika ciki sau biyu, a rage maiƙo da yaji. Shayin citta na taimakawa. Ka sha maganinka bayan ka ci wani abu.

Don ciwon kai da na jiki: paracetamol, ƙwaya biyu masu miligiram 500, tazarar aƙalla awa 6, kada ya wuce ƙwaya takwas a yini, kuma ba kullum ba. Ibuprofen, diclofenac da aspirin in an haɗa su da irin su sertraline suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki, kada ka mayar da su abin sha ba da sanin likita ba.

Don fargaba da bugun zuciya: ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, na minti biyar. Tafiyar ƙafa ta minti 30 da safe ko bayan la'asar na taimaka wa barci da natsuwa duka.

Sana'arka ta sa dole mu ƙara wannan: ranar da kake jin jiri, kada ka ɗauki fasinja. Ka tsara kowane sabon ragi yadda kwana na 2 zuwa na 5 bayansa, lokacin da alamomi suka fi ƙarfi, za su faɗo a ranakun da za ka iya rage aiki. Ka kuma sanar da mutum ɗaya a gida cewa kana ragewa, domin saurin fushi na cikin alamomin, kuma na kusa da kai za su riga ka lura.

Tambaya: Matata na wahala duk lokacin da ta yi ƙoƙarin dainawa. Shin ta zama 'yar ƙwaya ke nan?
Daga wani magidanci, Maraɗi

Amsa: A'a Malam. Mai shaye-shaye yana kwaɗayin abin, yana ƙara adadi don ya ji maye, yana fifita shi kan iyali da sana'a. Maganin ciwon damuwa ba ya sa maye, kuma matarka ƙoƙarin rabuwa da shi take yi. Jikinta ne ya saba, kamar yadda yake faruwa da wasu magungunan hawan jini da ba a daina su rana guda. Kada kalmar nan ta fito daga bakinka ko na dangi, domin kunya ce ke sa mata da yawa su jefar da magani a ɓoye. Ka raka ta asibiti, ka riƙe mata lissafin matakan.

Tambaya: Azumi na gabatowa, ina so in yi amfani da shi in daina maganin gaba ɗaya. Kuma ina zaton ina da juna biyu.
Daga wata amarya, Bauci

Amsa: Allah ya raba lafiya, amma kada ki daina da kanki saboda ko ɗaya daga cikin biyun. Mafi yawan waɗannan magunguna sau ɗaya ake sha a yini, ana mayar da su lokacin sahur ko bayan buɗa-baki, masu sa barci kamar amitriptyline da mirtazapine kuma a sha lokacin kwanciya. Watan azumi, da ƙarancin barci da ƙishirwa, ba lokacin fara ragi ba ne, domin ba za a bambance jirin yunwa da na janyewa ba.

Batun ciki, ki yi gwaji yau, in ya tabbata ki ga likita cikin makon. Dainawa kwatsam na jawo janyewa, yana kuma buɗe ƙofar dawowar ciwon a lokacin goyon ciki da bayan haihuwa. Paroxetine ne aka fi kaffa-kaffa da shi a watanni ukun farko saboda ɗan ƙarin haɗari ga zuciyar jariri, sertraline kuwa na cikin waɗanda aka fi zaɓa ga mai ciki da mai shayarwa. Ki sanar da masu awo da ungozoma abin da kike sha, domin a sa ido kan jaririn a kwanakin farko.

Tambaya: Yaushe ne abin ya wuce a yi haƙuri a gida?
Daga wata uwa, Birnin Kebbi

Amsa: Hajiya, a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba, in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan. Mutum ya fara maganar mutuwa, ko cewa gara ba ya raye, ko yana tara magani. Ya kasa zama wuri ɗaya, yana kai-komo, yana cewa wani abu na tunzura shi daga ciki. Wannan na iya zuwa da janyewa kuma yana da haɗari ƙwarai. Ya yi kwana biyu ko uku ba barci amma yana cike da kuzari, surutu ba tsayawa, kashe kuɗi ba lissafi. Ya rikice, yana gani ko jin abin da babu. Ya yi jijjiga, ya suma, ko ƙirjinsa na ciwo. Amai ya hana ko ruwa zama a cikinsa. An fi sa ido kan waɗanda ba su kai shekara 25 ba a duk lokacin da aka sauya adadin magani.

Mai maganar kashe kansa ba a barin sa shi kaɗai, kuma tambayarsa kai tsaye ba ta cusa masa tunanin, sauƙi take kawo masa. A kwashe magunguna, fiya-fiya, maganin ɓera da na feshin gona daga inda zai kai hannu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, Kware a jihar Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. In sun yi nisa, sashen gaggawa na babban asibiti mafi kusa ya isa a fara da shi. A tafi da kwalin maganin a hannu, a faɗi adadin da yake sha, tsawon lokacin da ya yi yana sha, da ranar da ya sha na ƙarshe.